Amarya a Ɗaki, Tsohon Saurayi a Falo: Sharhi kan Fim ɗin Cheerful Weather for the Wedding

A hutun ƙarshen shekara, lokacin da manhajojin kallon fina-finai ta intanet suke cika fuskarsu da labaran Kirsimeti irin su Love Actually na 2003 da The Holiday na 2006, na ci karo da wannan fim a tsakiyarsu, kuma da yake na taɓa karanta ɗan littafin da aka ɗauko shi daga ciki, sai na yi mamakin ganinsa a wannan sahu. Marubuciyar Ingila Julia Strachey ce ta rubuta littafin, maɗaba'ar Hogarth ta Leonard da Virginia Woolf ta buga shi a 1932, sannan Donald Rice ya mayar da shi fim a 2012.

Labarin na wuni guda ne. Dolly Thatcham, mai shekara 23, za ta auri Owen Bigham, wani jami'in diflomasiyya da zai tafi da ita Kudancin Amurka, amma ta kulle kanta a ɗakin sama tana kurɓar giya a ɓoye, yayin da Joseph, wanda suka yi soyayya da shi a baya, yake kai-komo a ƙasa ya kasa furta abin da ke cinsa. A wurinmu ɓuyan amarya ba abin mamaki ba ne, sai dai wannan ba kunya ce ta hana ta saukowa ba, zullumi ne. Wurin da ya fi kama ni shi ne inda tawada ta zube mata a farar rigar aure ana dab da tafiya coci, domin a nan ne Felicity Jones ta nuna tashin hankalin Dolly da idanu kawai, ba tare da dogon zance ba. Elizabeth McGovern ma, wadda masu kallon Downton Abbey suka sani, ta yi rawar gani a matsayin uwar amarya, macen da take ta sarrafa baƙi da 'yan aiki tana yabon yanayi, alhali ba ta ganin abin da ke faruwa a gaban idonta.

Ƙorafina yana kan sauye-sauyen da aka yi. A littafin ranar 5 ga Maris aka ɗaura auren, cikin iska mai sanyi, amma fim ɗin ya mayar da shi watan Disamba, wanda hakan ne ya ba shi gurbi a jerin fina-finan hutu. An kuma ƙara waiwaye zuwa lokacin zafi, inda ake nuna Dolly da Joseph cikin hasken rana suna nishaɗi, kuma ko da yake hotunan sun yi kyau, sun zuba sukari a labarin da ɗacinsa da habaicinsa ne suka ba shi armashi. Strachey ta bar mai karatu ya yi ta tantamar ko soyayyar ta kai a yi mata kuka, shi kuwa Rice ya yanke hukunci tun da wuri.

Ƙanwata, wadda ta zauna tana jiran Joseph ya hana ɗaurin auren kamar yadda aka saba a fina-finan wannan lokaci, ta tashi ranta a ɓace da ta ga motar ango ta tafi da amarya. Ni kuwa washegari littafin na sake ɗaukowa, na karance shi tsakanin azahar da magariba.