Shagon sikanin da ɗaurin littafi a Terminus: ya dace da tsofaffin littattafan ƙungiyar mata?

Ƙungiyoyin mata na Bukuru, Barkin Ladi, Mangu da Wase, ko na adashe ne, ko Zumuntar Mata, ko na Islamiyya, galibi tarihinsu yana cikin littattafai uku: rajistar mambobi, littafin da sakatariya ke rubuta abin da aka tattauna a taro, da na ma'aji mai kuɗin wata-wata, tara da gudummawar biki ko rasuwa. Akwai wani shago a wajajen Terminus, a cikin garin Jos, da ke karɓar irin waɗannan, ya yi musu sikanin, ya sake ɗaure su. Hukuncinmu: hannunsu na da kyau, amma ba wurin da za a ajiye kaya a tafi kasuwa ba ne.

Babban abin da suka fi maƙwabtansu da shi shi ne sikana mai girman A3. Tsofaffin rajistoci fulsikaf ne, sun fi A4 tsawo, ƙaramar sikana kuma tana yanke layin ƙasa, inda ma'aji ke rubuta jimla. Suna ɗora shafi a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya. Kada a yarda a cusa takardun a bakin injin da ke ja da kansa, tsohuwar takarda yagewa take yi. A ce musu 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto) mai launi ga rubutu, 600 ga hotunan anko. Launin ba ado ba ne: ma'aji da yawa da jan biro suke nuna bashi, baƙi-da-fari kuma ya shafe bambancin. Shafi guda a TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto mai cikakken inganci, ya kai kimanin megabait 25, wato littafi mai shafi 200 zai ci wajen gigabait 5, sai a zo da sabon filas, a kuma nemi kwafin PDF don turawa ta WhatsApp.

Ɗaurinsu na zare ne da bango mai tauri, yana buɗuwa sarai. Suna cire fil mai tsatsa kafin su fara, wannan sai a yaba. Amma za su fara tallata muku ɗaurin roba mai zagaye saboda ya fi sauri. Hujin da ake yi masa yana cinye gefen hagu, nan kuwa kwanan wata yake.

Inda muka fi saɓani da su shi ne laminatin. Duk takardar da suka ga ta tsufa, shi suke ba da shawara. Ba ya ciruwa, kuma rasit ɗin POS da na banki da aka maƙala a littafin ma'aji zafin injin na mayar da su baƙi ƙirin. Salatif ma haka, yana bushewa ya bar tabo rawaya a kan rubutu. Littafin da ya sha damina ya yi fumfuna, a shanya shi a inuwa ya bushe, a kakkaɓe da buroshi mai laushi kafin a kawo. Su ba sa wannan.

Tsara shafuka aikin ƙungiya ne, ba nasu ba. Sunan fayil lamba ce kawai da injin ya ba shi. Sakatariya ta zauna a wurin, a sa shekara, wata, sannan lambar shafi. Takardar da ba kwanan wata tana da alamu: lissafi da fam da sule galibi ya riga Janairun 1973, lokacin da naira ta shigo, hatimin tsohuwar jihar Benue-Plateau kuma tsakanin 1967 ne da 1976.

Buga rubutun hannu a kwamfuta kuwa, a nemi wani. Ba sa sa ƙ, ɗ da ɓ, ba kuma mai karanta ajami a cikinsu.

Kuɗin a kan shafi ne, a yi ciniki kan littafi gaba ɗaya kafin a fara. Kafin a tashi, a ƙirga shafuka a filas a gwada da na littafin, a kuma tsaya a ga sun goge kwafin daga kwamfutarsu, domin sunayen masu bashi da lambobin wayarsu na ciki. Kwafi ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin sakatariya, ɗaya a imel ɗin ƙungiya. Asalin kuma a akwatin ƙarfe, a kan kantar ajiye kaya, nesa da bango saboda gara.