Wace manhaja za ka zaɓa ta riƙa kunna maka sikirif, kuma me za ka gwada kafin ka biya?

Akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a bakin masu son rage wa kansu aiki a kwamfuta: sikirif yana aiki lafiya lau a Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, amma da an kira shi daga cikin wata manhaja sai shiru. Mutum zai rubuta ɗan fayil na umarni da Python ko Bash ko PowerShell, wanda ke canza sunayen hotuna ko kwafe takardu zuwa ma'ajiya, ya gwada da hannu ya ga komai daidai. Sai ya ɗora shi a kan maɓalli a wata manhaja, ya danna, ko motsi. Daga nan ya yanke hukuncin cewa manhajar ce ba ta da kirki, ya tafi neman ta kuɗi. Sau da yawa ta kuɗin ma haka za ta yi masa, domin ciwon ba a jikinta yake ba.

Abin da ke faruwa shi ne, sikirif yana gadon muhallin wanda ya kira shi. Idan ka buɗe Terminal a Mac, zsh, wanda ya zama harsashin umarni na asali (shirin da ke karanta umarnin da ka rubuta) tun macOS Catalina a 2019, yana karanta fayilolin saitinka irin su .zprofile da .zshrc, ya cika PATH, wato jerin foldodin da ake duba wa idan an ambaci sunan umarni. Manhajar da ka buɗe daga Dock ba ta karanta waɗannan fayiloli. Abin da take samu ɗan gajeren jeri ne: /usr/bin, /bin, /usr/sbin da /sbin. Duk abin da ka girka ta Homebrew, manhajar girka kayan aiki a Mac, kuwa yana /opt/homebrew/bin a kwamfutocin da ke da guntun Apple, ko /usr/local/bin a masu Intel, kuma babu ko ɗaya a wancan jerin. Shi ya sa ffmpeg ko node da kake gani da idonka sai a ce ba a same su ba. A Windows abin ya ɗan sha bamban amma ruwan ɗaya ne: idan ka ƙara folda a PATH, manhajar da take buɗe tun kafin canjin ba za ta gani ba sai ka rufe ta ka sake buɗewa.

Saboda haka idan zan zaɓi manhaja irin wannan, kyawun fuska da yawan abubuwan da aka jera a shafin talla ba su ne nake fara dubawa ba. Tambayata ta farko: idan sikirif ya faɗi, shin za ta nuna min saƙon kuskuren da ya fitar da lambar fitarsa, wato lambar da yake bari idan ya tsaya don nuna ko ya yi nasara, ko za ta haɗiye su? Wannan kaɗai ya fi sauran nauyi. Lamba 127 a Mac da Linux tana nufin ba a sami umarnin ba, 126 kuma an same shi amma ba a iya kunna shi ba, galibi don ba a yi masa chmod +x, umarnin ba fayil izinin gudana, ba. Wanda ya ga 127 ya gama rabin gyara. Wanda bai ga komai ba zai kwana yana lalube. Bayan wannan sai in duba ko tana barina in saita PATH, in zaɓi foldar da aiki zai fara a ciki, in kuma faɗi da kaina wane Python ko wane harsashi ne zai karanta fayil ɗin.

A Mac zaɓi ya fi yawa, kuma nan ne ake yawan kashe kuɗi ba dole ba. Shortcuts yana zuwa tare da tsarin tun macOS Monterey a 2021, kyauta, kuma yana da matakin kunna sikirif na harsashi. Sai dai a kulle matakin yake zuwa, sai ka shiga saiti na ci gaba ka ba da izinin kunna sikirif, kuma mutane da yawa a nan suke fara tuntuɓe. Ga mai sikirif biyu ko uku ya wadatar. Rauninsa shi ne bin diddigin kuskure ba daɗi, musamman idan matakan sun yi yawa. Automator, yayansa da ya zo tun 2005, har yanzu yana nan yana aiki, amma Apple ta nuna ƙarara cewa hankalinta ya koma kan Shortcuts, don haka ba zan gina sabon aiki mai girma a kansa ba.

Raycast, manhajar ƙaddamar da ayyuka daga allon rubutu, yana ba da damar kunna sikirif a sigarsa ta kyauta. Tsarinsa ya burge ni don sikirif ɗinka yana zama fayil na kansa a foldar da ka zaɓa, kana ƙara 'yan layukan bayani ne kawai a samansa. A cikin layukan nan kake faɗin yadda za a nuna sakamako: fullOutput yana buɗe taga ka ga duk abin da ya fito, silent kuma yana yin aikin a ɓoye. Shawarata ita ce ka fara kowane sabon sikirif da na farkon, sai ya zauna da gindinsa sannan ka mayar da shi na biyu. Tun da fayil ɗin naka ne, ranar da ka bar Raycast ka tafi da kayanka. Alfred kuwa, takwaran Raycast, sai ka sayi ƙarinsa na kuɗi mai suna Powerpack kafin ka samu damar gina jerin ayyuka. Abin da kuɗin ke saya maka, a wannan batu dai, shi ne taga ta bin kuskure da ke nuna abin da kowane mataki ya karɓa da abin da ya miƙa wa na gaba, har da saƙonnin kuskure. Idan sikirif ɗinka yana karɓar rubutu daga wani mataki ya miƙa wa wani, tagar nan tana da daraja ƙwarai.

Keyboard Maestro shi ne babba a cikinsu, ana sayen lasisi sau ɗaya, kuma akwai lokacin gwaji. Shi ma da gajeren PATH yake kiran sikirif, kada kuɗin ya ruɗe ka. Bambancin shi ne ya tanadi magani mai sauƙi: ka ƙirƙiri ma'ajin ƙima mai suna ENV_PATH ka zuba cikakken jerin a ciki, duk sikirif ɗin da zai kunna daga nan ya gada. Yana kuma barinka ka zaɓi inda sakamako zai je, taga ko allon kwafi ko ma'ajin ƙima. Amma in dai buƙatarka ita ce danna maɓalli sikirif ya tashi, sayensa kamar yanka sa ne don baƙo ɗaya. Ya dace da wanda yake son abubuwa su tashi da kansu, misali idan an soka filashi, ko an buɗe wata manhaja, ko fayil ya faɗo wata folda. Mai iya rubuta Lua kuma yana da Hammerspoon kyauta, sai dai komai da hannu zai rubuta.

Wani abu da ya shafi dukansu a Mac, kuma ba kasafai ake faɗa ba: izinin taɓa Desktop da Documents da Downloads na manhajar da ta kira sikirif ne, ba na sikirif ɗin ba. Terminal na iya samun izinin tun tuni, sabuwar manhajar kuwa ba ta da shi, sai ka ga Operation not permitted a kan fayil ɗin da naka ne. Gyaran yana cikin saitin sirri da tsaro. Haka nan tun 2012 Apple ta wajabta killace sababbin manhajojin da ake sayarwa a Mac App Store, kuma manhajar da aka killace ba ta da 'yancin kunna duk abin da ta ga dama. Idan manhaja tana da siga biyu, ta shagon Apple da ta shafin masu ita, karanta bambancinsu kafin ka biya. Ga aikin sikirif, ta shafin ce yawanci ta fi sakewa. Tsofaffin sikirif da ke kiran /usr/bin/python su ma sun daina aiki tun macOS 12.3 a 2022, lokacin da aka cire Python 2.7, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi.

A Windows da wuya ka buƙaci fitar da ko sisi. AutoHotkey kyauta ne, kuma umarninsa na RunWait yana karɓar foldar aiki ya kuma dawo maka da lambar fita. Ba ya kamo rubutun da sikirif ya fitar kai tsaye, sai ka karkatar da shi zuwa fayil. Ka kula da siga: ta 2 ta fito a ƙarshen 2022 da nahawu daban da na 1, kuma misalai da yawa da ke yawo a intanet na tsohuwar ne, ka liƙa su a sabuwa su ƙi. PowerToys Run na Microsoft yana kunna umarni idan ka fara da alamar >, ya yi kyau ga abin gaggawa amma ba wurin gina aiki ba ne. Power Automate na tebur yana da matakan PowerShell da Python, yana kuma ajiye sakamako da kuskure a ma'ajai daban-daban, abin yabo ne. Tarkonsa shi ne matakin Python ɗinsa IronPython yake amfani da shi, ba Python ɗin da ka girka ba, don haka pandas da ire-irensa ba za su shigo ba. Mafita ita ce ka kira python.exe naka da cikakken adireshi ta matakin kunna manhaja.

Task Scheduler, mai tsara lokacin ayyuka da ke zuwa tare da Windows, ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya fi kowa wahalar da mutane, kuma kyauta yake yi. Idan ka bar gurbin Start in babu komai, aikin zai fara ne a C:\Windows\System32, duk wani fayil da sikirif ke nema da gajeren suna ya ɓace. Gurbin nan kuma ba ya son alamar zance, ko da akwai tazara a sunan foldar. Idan ka zaɓi aikin ya gudana ko ba ka shiga kwamfutar ba, ba za ka ga wata taga ba, kuma faifan hanyar sadarwa da ka laƙaba wa harafi irin Z: babu shi a can, sai ka rubuta cikakken adireshin sabar. Abin da zai nuna maka bayan duk wannan shi ne 0x1, ba ƙarin bayani.

Sauran tarkunan Windows ba ruwansu da wace manhaja ka zaɓa. Windows PowerShell a kwamfutar gida yana zuwa da dokar Restricted, wadda ke hana kunna fayilolin .ps1. Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet yana ɗauke da tambari, ana cire shi da Unblock-File. powershell.exe shi ne 5.1, pwsh.exe shi ne 7, kuma abin da ka girka wa ɗaya ba lallai ɗayan ya gani ba. Rubuta python kawai na iya buɗe maka Microsoft Store maimakon Python. Manhaja mai bit 32 kuma idan ta nemi System32 a Windows mai bit 64, a asirce ake karkatar da ita zuwa SysWOW64.

A Linux zaɓin da ya fi tasiri shi ne yadda ka girka manhajar. Sigar Flatpak, ɗaya daga hanyoyin girka manhaja a Linux, a killace take, ba ta ganin umarnan da ke kan tsarinka, sai ta hanyar flatpak-spawn --host, shi ma in an ba ta izini. Snap ma yana da nasa shingen. In aikin manhajar kiran sikirif ne, sigar da ke ma'ajiyar manhajoji ta nau'in Linux ɗinka ta fi sauƙin sha'ani. Sikirif ɗin da aka rubuta a Windows aka kawo kuma yakan zo da ƙarshen layi na CRLF, sai ka ga bad interpreter da ^M a wutsiya.

Akwai masu sayen Stream Deck na Elgato don wannan aiki. Na'ura ce mai maɓallai masu allo, tana da daɗin dannawa, amma matakinta na buɗe fayil miƙa wa tsarin kwamfuta kawai yake yi. Idan Windows ɗinka ya saba buɗe .ps1 da Notepad, to Notepad za ka gani. Ka saye ta bayan sikirif ya riga ya tsaya da ƙafarsa, ba don ta gyara shi ba.

Kafin ka biya kowace, a lokacin gwaji, ba ta wannan ɗan sikirif ta kunna:

#!/bin/sh
{ whoami; pwd; echo "$PATH"; command -v python3; } > /tmp/gwaji.txt 2>&1

A Windows fayil ɗin .bat mai whoami da cd da echo %PATH% da where python, an karkatar da su zuwa fayil a %TEMP%, zai yi aiki iri ɗaya. Kunna shi sau ɗaya da hannu, sau ɗaya daga manhajar, ka jera sakamakon biyu. Inda suka saɓa, nan matsalarka take. Sannan ka ba ta sikirif da ka lalata da gangan, wanda ke kiran umarnin da babu shi, ka ga ko za ta faɗa maka. Na uku, ba ta wanda ke tsayawa yana jiran a rubuta masa amsa, irin yadda sudo ke neman kalmar sirri. Tun da babu inda za a rubuta amsar, wasu manhajojin sukan daskare, wasu su kashe aikin bayan wani lokaci, wasu su bar shi yana rataye a baya. Wadda ta ba ka hanyar tsayar da aikin ko sa masa wa'adi, ta cancanci a ci gaba da magana da ita. Wadda ta yi gum a gwaji na biyu, ni dai ba zan ba ta kuɗina ba, ko da sauran abubuwanta sun yi kyau.