Gargaɗi ga masu tayar da tsofaffin a-kori-kura a Zariya: hattara da masu tallar inji ta waya

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda yake da tsohuwar a-kori-kura ajiye a ƙofar gida ko a wani kango, ya kuma ƙudura aniyar tayar da ita da hannunsa, sannu a hankali, gwargwadon abin da aljihu ya ba shi. Akwai wasu mutane da suka lura da yawan masu wannan buri, suka mayar da shi hanyar cin abinci ta haram. Suna tallar inji da giyabos da sauran manyan kayan gyara a Facebook da zaurukan WhatsApp, suna karɓar kuɗin mutane kafin a ga kaya, daga nan sai su ɓace, ko kuma su aiko da mushen ƙarfe da aka shafe da sabon fenti. Abin ya sami wani maƙwabcina a Tudun Wada, mutumin kirki mai ɗan ƙaramin ƙarfi, kuma bayan da muka zauna muka bi sawun yadda aka yi masa daki-daki, na ga ya zama wajibi in rubuta domin kada wani ya faɗa ramin.

Ya kamata a fara fahimtar dalilin da ya sa mu masu gyara a gida ne aka fi sa wa ido. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, masana'antar haɗa Fijo da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali a Turai an daina ƙera ƙaramar motar tun 1983. Shi ya sa har gobe ake ganin a-kori-kurar 504 tana jigilar masara da tumatir da barkono tsakanin Giwa da Soba da Maƙarfi da kasuwar Sabon Gari. Gangar jikinta na nan da yawa a hannun jama'a, amma lafiyayyen inji da ba a taɓa buɗe shi ba ya yi ƙaranci ƙwarai. Haka abin yake ga tsohuwar Toyota Hilux mai injin fetur 22R ko injin dizal 3L. Bakaniken da ke da gareji yana da dillalansa da ya daɗe yana hulɗa da su, ya san wanda zai kira a kasuwar Panteka ta Kaduna da wanda zai kira a Ƙofar Ruwa a Kano. Mai gyara a gida kuwa shi kaɗai ne da wayarsa, ya gaji da jira, motar ta daɗe a kan duwatsu, iyali sun fara tambayar yaushe za ta tashi. Wannan gajiyar ce macucin yake farauta.

Ga yadda suke yi. Za ka ga hoton inji fes-fes a kan taya, an rubuta cewa ɗan Beljiyam ne, yanzu aka sauke shi daga kwantena, farashinsa kuma ya yi ƙasa da na kasuwa da ɗan tazara. Ba sa karya farashin sosai, domin sun san mai hankali zai tsargu. Suna rage daidai abin da zai sa ka ji tsoron kada wani ya riga ka. Idan ka kira, za ka ji mutum mai ladabi, ya san sunayen kayan mota, ya tambaye ka ko kafireto kake so a haɗa maka da lagireto. Zai ce shagonsa yana Ladifo a Legas, ko Nnewi, ko Ƙofar Ruwa. Waɗannan kasuwanni ne na gaskiya, cike da 'yan kasuwa masu amana, sunansu kawai yake ara. Daga nan sai maganar da kowa ya kamata ya haddace: “Alhaji, akwai wani daga Funtuwa da ya taya, amma tunda kai ka fara magana, turo rabin kuɗi kafin alƙalami in ajiye maka, sauran sai kaya sun iso.”

Da zarar kuɗin sun shiga, sai ya turo hoton takardar wayabil mai ɗauke da sunanka da lambar wayar wani direba. Washegari direban zai kira, da ƙarar motoci a bayansa, ya ce an tsare su a shingen kwastam, kuma sai an biya wani abu kafin a saki kayanka. Wanda ya riga ya zuba rabin kuɗi yana jin ba zai iya ja da baya ba, sai ya ƙara. Bayan haka za a ce mota ta lalace, ko a ce 'yan tasha sun nemi kuɗin sauke kaya, a yi ta tatsarka har ranar da ka nuna aljihunka ya ƙare, a ranar ne layukan biyu za su mutu tare. Direban da mai shagon abokan aiki ne, wani lokacin ma mutum ɗaya ne mai layi biyu.

Nau'i na biyu ya fi wannan ciwo a wurina, domin kayan suna isowa, mai saye ya biya cikon kuɗi a tasha yana murna, ya ɗauko a Keke ya kawo gida. Wannan ne ya sami maƙwabcin nawa, kuma ina wurin aka buɗe injin. Daga waje yana sheƙi, amma da muka matso sai muka ga fentin ya hau kan notuna da wayoyi da bakin tiyo, alamar an fesa shi a tsaye ba tare da an kwance komai ba. Da aka cire murfin sama, sai ga baƙin mai ya daskare kamar kwalta a kusurwoyi, a ƙasan murfin kuma akwai wani farin kumfa mai yauƙi, wanda ke nuna ruwa ya daɗe yana haɗuwa da mai. Aka sa sifana a kan karanshaf domin a juya shi, ya ɗan motsa ya cije. Da aka kwance kwanon mai na ƙasa, muka sa yatsa muka ɗebo ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli. A gefen bulo ɗin, wato gangar jikin injin, ƙarƙashin fenti mai kauri, akwai layin walda inda aka ɗinke tsaga. Mutumin ya tsaya yana kallon injin, bai ce uffan ba, domin kuɗin da ya tara daga amfanin gonar bara ne suka tafi.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi haɗari. A wurin da lambar inji take, an goge ƙarfen ya yi santsi, an sake buga wasu lambobi da ba su jeru daidai ba. Injin da aka yi wa haka yana iya zama na motar sata ne da aka yi gunduwa-gunduwa da ita. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma ranar da jami'an tsaro suka duba motarka suka ga lambar inji ba ta yi daidai da takardu ba, kai za a fara tambaya, mai sayarwa kuwa ba ka san ko fuskarsa ba. Duk wanda ya canza inji, ko da na halal ne, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shago da adireshi, ya kuma je ofishin rajistar motoci a gyara masa takardu.

Wani zai ce ai shi ba za a yi masa haka ba, domin yana neman a kira shi ta bidiyo ya ga kayan. Hakan ya fi babu, amma bai isa ba. Macucin yana iya shiga shagon wani a matsayin mai saye, ya ɗauki bidiyon injin da ba nasa ba, har ya aza takarda mai sunanka a kai. Bidiyo yana tabbatar da cewa injin yana duniya, ba ya tabbatar da cewa na mai maganar ne, balle a ce shi za a aiko maka. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Abin da kawai na yarda da shi shi ne mutum naka, wanda ka sani ka san gidansu, ya taka ƙafa ya je shagon, ya ga mai shi a zaune, ya tambayi maƙwabtansa da shugabannin ƙungiyar kasuwar ko sun san shi. Kaduna tafiyar kusan kilomita 80 ce daga Zariya, Kano ma ana zuwa a dawo a yini guda. Kuɗin mota da na sallamar bakaniken da zai raka ka ba su wuce kashi kaɗan na kuɗin inji ba.

Idan an je, kada a ji kunyar bincike. A juya karanshaf da sifana a ji yana zagayawa ba tare da cijewa ba, a cire filogogi a duba ko sun jiƙe da mai, a auna matsin kowace silinda idan akwai ma'auni, a buɗe murfin sama a ga cikinsa. A ɗauki hoton lambar injin a wurin, a rubuta ta a rasit, a kuma yi wata alama da fenti a ɓoyayyen wuri domin kada a musanya shi kafin a ɗora a mota. A yi yarjejeniya a rubuce, gaban shaidu, cewa idan an ɗaura injin bai tashi ba ko ya yi hayaƙi cikin kwanakin da aka amince, za a mayar a karɓi kuɗi ko a canza. Ɗan kasuwa na gaskiya ya saba da wannan sharaɗi kuma ba ya jin haushinsa. Masu 504 su ƙara lura cewa kayan bayan a-kori-kura daban suke da na ƙaramar motar, domin ita a kan sifirin mai faranti take zaune, don haka a tafi da tsohon kayan a gwada su gefe da gefe.

A wajen biya ma akwai alama bayyananniya. Idan sunan da ya fito a asusun banki ya saɓa da sunan da mutum ya ba ka, ya ce na matarsa ne ko na yaron shagonsa ko na mai POS, to ka tsaya nan. Haka kuma idan ya ƙi yarda a biya bayan mutumin naka ya ga kaya, ko ya dage sai yau kafin la'asar. Ina kuma roƙon masu kula da zaurukan WhatsApp na direbobi da makanikai su daina barin baƙuwar lamba ta zuba talla ba tare da wani ɗan zauren ya tsaya mata ba, domin mutane suna ɗaukar kasancewar talla a zauren a matsayin shaida.

Wanda abin ya riga ya same shi kada ya ɓoye saboda kunya, domin shirun da ake yi ne ke ba su damar sake amfani da lamba ɗaya da asusu ɗaya a kan mutane da yawa. Ya garzaya bankinsa a ranar, ya rubuta ƙorafi domin a tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga tun ba a kwashe su ba, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a Kaduna, kuma dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Kada ya goge komai daga wayarsa. Ya adana hotunan tallar da saƙonnin murya da shaidar tura kuɗi da takardar wayabil ɗin da lambobin da suka kira shi. Idan kuma mushen injin aka aiko masa, kada ya sayar wa 'yan gwangwan don ya rage asara. Ya ajiye shi yadda yake, ya nuna wa jami'an da ke bincike wurin da aka goge lambar.