Sola a gidan kallo: abin da na gani bayan shekara guda

Assalamu alaikum jama'a. Tun watan jiya abokan sana'a ke ta kirana suna tambaya wai ya solar da na saka a gidan kallo, ta biya ko ba ta biya ba, shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau guda kowa ya karanta, don yanzu ta cika shekara cif, kuma ba ƙaramar shekara ta gani ba, 2024 ce, wadda tun Janairu har Disamba kusan ba a huta da manyan wasanni ba. In akwai abin da zai gwada kayan wuta to wagga shekara ce.

Gidan kallona ƙarami ne, nan Tudun Wada cikin Gusau, rumfar kwano ce da benci, tibi biyu, dikoda biyu, fanka uku na sama, sifika guda da ƙwayaye. Da janareto nike aiki. Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafi ya daina fita, yaran da ke shigowa ba za ka iya ƙara masu kuɗin ƙofa kullum ba, mafi yawansu 'yan acaɓa ne da 'yan tireda da ɗalibai, wata rana in an tashi ka ƙirga abin da ya shigo ka cire kuɗin mai ka cire na biyan dikoda sai ka ga wahalar kawai ka sha. Sai da na saida tumakina biyu na haɗa da kwasar adashi sannan na iya sawo kayan: fanel huɗu masu wat 300, batir biyu na ruwa irin dogayen nan masu 200Ah, inbata mai bolt 24 da kantirola. Anka haɗa mani kwana kaɗan kafin a buɗe gasar kofin Afirka, AFCON, a Kodebuwa ran 13 ga Janairu.

Abu na farko da na fara ji, wallahi ba kuɗi ba ne, shiru ne. Shekara da shekaru muna kallo da ƙarar inji a bayan rumfa da warin hayaƙi, in mai sharhi na magana sai dai ka ga ƙwallo ta shiga. Ranar da Lookman ya ci Kamaru biyu a zagaye na biyu, ranar na fara jin ihun filin wasa tsaf kamar a kunnena, wani dattijo maƙwabcinmu da bai taɓa leƙowa ba saboda ƙara ya zo ya tsaya bakin ƙofa, na ce Baba shigo ka zauna, ya ce a'a ɗana nan ma ina gani, amma bai tafi ba sai da anka tashi.

Gwaji na gaske shi ne wasan kusa da ƙarshe da Afirka ta Kudu ran 7 ga Fabrairu. An fara ƙarfe shida na yamma, rana ta riga ta yi sanyi, ke nan batir ne kaɗai ke ɗauke da komai. Troost-Ekong ya ci fenareti, can kusa da tashi Osimhen ya zura ta biyu rumfa ta kaure mutane har kan benci, sai alƙalin wasa ya koma ya duba bidiyo ya soke ta, ya ma ba su fenareti a can ɗaya gefen, Mokoena ya farke. Ban taɓa ganin murna ta koma shiru da sauri irin na ranar ba. Anka tafi ƙarin lokaci, anka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida, Nwabali ya tare biyu, Iheanacho ya buga ta ƙarshe munka ci 4-2. Ni kuwa duk wannan lokacin rabin hankalina na kan allon inbata ina duba ko za ta yi ƙarar da ke nuna batir ya kusa ƙarewa. Ba ta yi ba. Kusan awa uku tibi biyu da sifika, ko ƙyaftawa.

Na ƙarshen kuma da Kodebuwa ran 11 ga Fabrairu kun san yadda ta kaya. Troost-Ekong ya sa kai munka tafi hutun rabin lokaci da ci ɗaya, Kessié ya farke, Haller ya ƙara a minti na 81, 2-1, masu masaukin baƙi sunka ɗauka, ƙasar da saura ƙiris a fitar da ita tun a rukuni har sunka sallami kocinsu ana tsakiyar gasa Emerse Faé ya karɓa. Ya yi mani ciwo sosai, har yanzu ina ganin kocinmu Peseiro ya ja da baya da wuri ya bar su suna ta zuwa. Amma Haller mutum ne da ya tashi daga jinyar ciwon daji ya dawo fili, in shi ya ci ka ba ka iya ƙin sa. Yara sunka watse ba mai magana, na kashe kaya na ga batir bai ma sauko zuwa rabi ba.

To ga inda za a kula. Lokacin hunturu ne, ƙura kamar ana zuba ta da kwano. Sati biyu da sakawa na lura caji ba ya cika kamar farko, har na fara zargin an saida mani jabu, ashe ƙura ce ta lulluɓe fanel ɗin. Tun daga nan ƙanena ke hawa da safe kafin rana ta yi zafi ya share da tsumma da ruwa, kuma bambancin a fili yake. Wanda zai saka sola a ƙasarmu ya sa fanel inda hannu zai kai, kar a kafe su can ƙololuwa inda sai an nemo tsani.

Da bazara ta shigo kuma, azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, zafin Gusau kun san shi, nan fanka uku ke aiki ba tsayawa kuma nan na gane fanka ta fi tibi shan wuta in ka haɗa su. Batir na ruwa kuma yana shanye ruwansa da zafi, dole duk bayan 'yan makonni ka buɗe ka duba ka ƙara masa ruwan batir tatacce, ba na rijiya ba, ba fiya wata ba, kuma ba asid ba. Wanda ya haɗa mani bai gaya mani wannan ba ko sau ɗaya, wani mai gyaran mota ne ya gani ya ce Alhaji za ka kashe batiran nan. Haka wayar da ya ja daga batir zuwa inbata siririya ce, in ka taɓa ta da dare za ka ji ɗumi, sai da na sake biyan kuɗi anka canja mai kauri. Wannan ya ɓata mani rai, don mutum ya karɓi kuɗin aikinsa cif.

Watan Mayu shi ne ya maido mani da kuɗin tumakina, in faɗi gaskiya. Ran 19 Man City ta ɗauki Firimiya karo huɗu a jere, abin da ba a taɓa yi ba a Ingila, maki 91, Arsenal na biye da 89, ranar tibi biyun nan sun yi amfani don 'yan Arsenal na gefe guda suna kallon nasu suna leƙen ɗayan. Ran 25 United ta doke City 2-1 a kofin FA, Garnacho da Mainoo. Ran 1 ga Yuni Madrid ta ci Dortmund 2-0 a Wembley, Carvajal da Vinicius, kofin zakarun Turai na 15, ranar har waje anka tsaya.

Amma daren da ba zan manta ba shi ne na 22 ga Mayu a Dublin, wasan ƙarshe na kofin Europa tsakanin Leverkusen da Atalanta. Leverkusen ta Xabi Alonso ta zo da wasa 51 ba a doke ta ba, ta ɗauki gasar Bundesliga ta Jamus karon farko a tarihinta ba tare da ta sha kashi ko sau ɗaya ba, ga Boniface namu a cikinsu, kowa a rumfa ya gama yanke hukunci. Sai Ademola Lookman na Atalanta ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ci uku, 3-0, shi kaɗai. Ta ukun nan da ya ɗauke mai tsaron baya ya narka da hagu can sama, ba ɗan Madrid ba ɗan Barsa ranar, kowa ɗan Atalanta ne. An ɗauke wuta unguwa duk duhu, mu kaɗai ke da haske, masu shayi da masu tsire sunka matso bakin ƙofa sunka yi ciniki. Da janareto ne da tun hutun rabin lokaci ina tunanin ko man zai kai.

Yanzu bari in faɗi inda ta ba ni kunya, don sharhi ba yabo kaɗai ba ne. Ran 14 ga Yuli, damina ta zauna, yini guda hadari rana ba ta fito sosai ba, batir bai cika ba. Ƙarfe takwas munka kalli wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Turai, Sifaniya da Ingila a Balin, Nico Williams ya ci, Palmer ya farke, Oyarzabal ya rufe, 2-1, Sifaniya ta ɗauki na huɗu, yaron nan Yamal jiya-jiya ya cika 17. Lafiya lau. Sai 'yan Messi kusan goma sha biyar sunka roƙe ni su kwana a rumfa don wasan ƙarshe na Copa America, Ajantina da Kolombiya a Miyami, wanda ya kamata a fara ƙarfe ɗaya na dare, amma saboda turmutsutsun 'yan kallo a ƙofar fili anka jinkirta sama da awa guda. Muna zaune tibi a kunne fanka na juyawa. Messi ya ji rauni ya fita yana kuka a benci, anka tashi ba ci, anka shiga ƙarin lokaci, nan inbata ta fara ƙara tit tit tit, na kashe fanka, na kashe ƙwai, minti kaɗan ta ɗauke gaba ɗaya. Janareto kuma ba mai a ciki don na saki jiki. Ƙwallon Lautaro Martinez a wayar wani yaro munka gan ta ana shirin kiran assalatu. Ba wanda ya zage ni amma na maida masu kuɗinsu.

Mai haɗawar ya ce mani wai batirin zai kai ni har safe. Ba gaskiya ba ne, kuma da na zauna na yi lissafi da kaina na ga ba yadda za a yi. Bolt 24 sau 200 ya ba ka wat 4,800 na awa, kuma batir na ruwa in kana son ya daɗe rabi kawai za ka ci, saura 2,400. Kayana in duk a kunne suke suna jan sama da wat 400. Ke nan awa biyar ne zuwa shida, shi ma in ya cika. Wasa biyu a dare guda zai ɗauka, uku ba zai ɗauka ba, balle ranar hadari. Kuma ku sani in ruwan sama ya sauko da ƙarfi sigina na ɗaukewa daga dish, wannan ba laifin sola ba ne, kar a haɗa su.

Olamfik ta Faris ba ta kawo mutane ba, mu nan in ba ƙwallo ba ce ba a cika zuwa ba, kuma Najeriya ta dawo ba lambar yabo ko ɗaya. Amma da yake wasanni da yawa da rana ake yi, kai tsaye daga fanel nike kallo ba tare da na taɓa batir ba. Na kawo ɗiyana mata biyu sunka kalli D'Tigress sun doke Ostireliya sun doke Kanada, sunka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olamfik, kocinsu ma mace ce, Rena Wakama. Ƙaramar ta tambaye ni Baba dama mata na yin wannan? Na kuma ga Tebogo na Botsuwana ya ci zinare a mita 200.

Inda na ƙara gode wa Allah shi ne ƙarshen Oktoba, lokacin da layukan wutar da ke ciyar da Arewa sunka lalace munka yi sama da mako guda cikin duhu, ga fetur ya haura naira dubu lita. Gidajen kallo biyu da na sani rufewa sunka yi. A cikin duhun nan ne Barsa ta je Bernabeu ran 26 ta zuba wa Madrid huɗu ba ko ɗaya, Lewandowski biyu, Yamal, Raphinha, Mbappe kuwa sai faɗawa satar gida yake. Bayan kwana biyu anka ba Rodri Ballon d'Or 'yan Madrid sunka ƙi zuwa, musu a rumfata har sha biyun dare. Da rana kuma cajin waya nike yi wa mutanen unguwa, abin da ban taɓa sa shi cikin lissafi ba, makon nan shi kaɗai ya biya kuɗin dikoda na wata.

Ran 16 ga Disamba da anka kira sunan Lookman a Marrakesh gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ya fito da babbar riga, na lura inbata ta fara ƙara tun kafin sha ɗaya, alhali da tana kai ni ɗaya saura. Batiran sun fara gajiya, kuma na san zafin bazara da watannin da ban san ana ƙara ruwa ba su sunka ci su. Fanel da inbata kam lafiyarsu ƙalau kamar ranar da anka kawo.

Mai tambaya ko ya saka, ni dai na ce ya saka, amma ya fara ƙirga wat ɗin kayansa kafin ya je kasuwa, ya zuba kuɗinsa a batir ba a yawan fanel ba, ya tsaya a kan mai haɗawa ya ga kaurin waya da idonsa, kuma kar ya saida janareto, ya bar lita biyu a ciki ko yaushe. Ni yanzu na shiga wani adashin, in Allah ya kai mu kwasa batir lithiyom nike son sawowa kafin zafi ya dawo, fankokin ma zan canja su zuwa masu cin wuta kaɗan.