Hattara da mai sayar da rim da ke tura mutum wajen nasa mai alayimen

Jama'a, duk mai ƙaramar motar gudu a Kano da ke sha'awar canja mata rim, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani matashi da ke tallar rim da tayoyi a Instagram da WhatsApp. Ba shi da shago. Sai dai ya ce ku haɗu a wani gidan mai a Titin Zariya, kayan suna but ɗin motarsa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, yana da abokin cin mushe, wani mai alayimen, wanda ɓarnarsa ta fi ta mai rim ɗin haɗari. Ni suka yi wa.

Motata Scion FR-S ce 'yar 2013, shigowar Amurka. Ita ce dai Toyota 86, ita ce Subaru BRZ, suna ne ya bambanta. Rim ɗinta na kamfani inci 17 ne, faɗinsa inci 7, tayarsa 215/45R17, kuma ba abin da suka yi mini. Kwaɗayin ido ne kawai. Na ga wasu baƙaƙe masu inci 18 a hoto, na kira shi. Ya ce, "Yallaɓai, daga jikin irin motarka aka kwance su. Ɗaurawa kawai za ka yi ka wuce." Na tura kuɗi wani asusu mai sunan mace, ya ce na ƙanwarsa ne. Tun a nan ya kamata in farga.

Mai faci ya ɗaura, motar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Tudun rage gudu na farko da na hau, sai na ji ƙurrr daga baya. Na karya sitiyari zan shiga layinmu, gaba ma ta amsa. Washegari na ɗauki abokina, muna saukowa daga gadar Ƙofar Nassarawa muka fara jin ƙaurin roba. Da na tsaya na duba, bakin madigadi ya tsaga wa tayar baya layi a gefe, kamar an bi ta da reza.

Na kira shi, ko a jikinsa. "Haba Yallaɓai, ai alayimen ne. Duk wanda ya sa babban rim sai an yi masa. Ka je wajen mutumina, da kwamfuta yake yi." Kwamfutar kuwa tana nan a kunne, ana ta nuna mini lambobi kore da ja, amma sai daga baya na tuna cewa tayoyi biyu kaɗai aka maƙala wa na'urar. Aka ce in je in yi salla in dawo. Na dawo na tarar ƙarar ta ragu sosai, na biya, har da tukwici.

Sati biyar ya ɗauke ni kafin in gane abin da aka yi. Motar ta riƙa bin duk wani kwari da ke titi, sitiyari na rawa in na kai 90, baya kuma ya yi tauri kamar amalanke. Ranar da na leƙa ƙarƙashi, gefen ciki na tayoyin gaba ya cinye har waya ta fito, alhali daga waje fes suke. Da na sake kiran mai rim ɗin, me zai ce? Wai yana da wasu guda biyu, zai yi mini ragi. A nan na gane da walakin, goro a miya. Ya sayar maka da rim, mutuminsa ya ci kuɗin alayimen, alayimen ɗin ya cinye taya, ka dawo ka sayi taya a hannunsa.

Wani dattijon bakanike ne a wajen Ƙofar Ruwa ya warware mini komai, kuma ba da kwamfuta ba. Ya ce, "Ɗana, cire mini guda ɗaya." Ya kifa rim ɗin a ƙasa. A bayan kowane rim akwai lamba da ake rubutawa bayan haruffan ET, ita ce ke nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ke manne wa mota, da milimita. In lambar ta yi ƙasa, rim ya turo waje. In ta yi sama, ya shige ciki wajen shokazoba. Na kamfanin motata ET48 ne. Wannan kuwa an goge lambarsa ta asali da injin gurza, an fesa fenti, an manna sitika mai ET45. Baba ya gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakin rim ɗin, ya auna zuwa fuskar da ke manne wa mota, ya cire rabin faɗin rim ɗin gaba ɗaya. Abin da ya rage 20 ne. Faɗin kuma inci 9.

Ga lissafin, don kowa ya iya yi da kansa. Inci 7 milimita 178 ne, rabinsa 89, a cire 48, saura 41: iyakar fitowar rim ɗin kamfani ke nan daga inda aka ɗaure shi. Inci 9 milimita 229 ne, rabinsa 114, a cire 20, saura 94. Wato bakin rim ya ƙara turowa waje da milimita 53, sama da inci biyu. Sai taya. Wadda ya haɗa mini 235/45R18 ce, irin ta wasu Camry da Accord. Tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 669, ta kamfani kuwa 625. Ta fi faɗi, ta fi tsayi, ga shi an turo ta ƙarƙashin bakin madigadi. Ina za ta shiga? Har malejin gudu ta sa ya yi ƙarya, in ya nuna 100 kana kan 107 ne.

Abin da nake so ya zauna a kan kowa shi ne, alayimen kwanar taya yake gyarawa, ba ya rage faɗin rim, ba ya mayar da ET20 ya zama 48. Abin da mai alayimen ɗin nan ya yi shi ne ya kwantar da saman tayoyin gaba ciki don su ɓuya a ƙarƙashin madigadi. A wannan motar kamfani bai bar wurin daidaita wannan kwanciyar ba, sai an sa noti na musamman. Shi kuwa sai ya gurje ramin noti na ƙafar shokazoba ya faɗaɗa shi, ya ture ƙafar ya ɗaure. Da ya taɓa nan, bakin tayoyin ya karkace, bai kuma gyara ba, shi ya sa suke jan ƙasa suna cinyewa. A baya kuma guntayen roba ya cusa tsakanin sifirin don motar ta ɗaga, ya datse robar cikin madigadi da wuƙa. Baba ya girgiza kai ya ce, "Da wannan notin ya saki kana kan hanyar Zariya, da yanzu wani zancen ake."

Akwai ƙari. Ramin tsakiyar rim ɗin milimita 73 ne, na motata 56.1, kuma ba a sa zoben cike giɓin ba, ga dalilin rawar sitiyari. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT a jikin taya su ne sati da shekarar da aka yi ta. Tawa 3116 ce, sati na 31 na 2016, an dai shafe ta da mai tana ƙyalli. Masu irin motata kuma su lura, ramukan notinta 5x100 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 100, yawancin rim ɗin motocin Japan da ke yawo a kasuwa 5x114.3 ne, ido ba ya rabe su sai an auna.

Na mayar da rim ɗina na kamfani, na sayi shokazoba biyu na gaba, aka yi alayimen na ƙafa huɗu ina tsaye, aka ɗaure notin taya da sifana mai awo a kan 120 Nm. Ba gugar da ta sake yi. Mai rim ɗin ya toshe lambata, na kai maganar wajen 'yan sanda da shaidar tura kuɗi. Satin da ya wuce wani ya nuna mini ya canja sunan shafinsa, amma hotunan su ne dai: rim a jere a kan jar darduma, gefen wani ƙaramin janareta. In ka ce za ka zo da bakanikenka a juya rim a auna, zai ce maka yana sauri, wani Alhaji na jiransa da kuɗi a hannu.