Makullin ƙarfe ko na kati a otal-otal ɗinmu na Kebbi

Har yanzu masaukan baƙi da dama a Birnin Kebbi da Argungu makullin ƙarfe suke miƙa wa mutum, an ɗaura masa ɗan katako mai lambar ɗaki. Ba ruwansa da wuta ko kwamfuta, amma fa in baƙo ya wuce da shi sai an kira kafinta ya canza makullin ƙofar gaba ɗaya, sannan wa ya san ko wani ya yanko irinsa a kasuwa?

Na kati kuwa batiri ne a jikin ƙofar, ko Nepa sun ɗauke yana buɗewa, in katin ya ɓace su soke shi a kwamfuta su ba ka sabo shikenan. Ni wallahi shi na fi so a babban otal, musamman irin wanda sai ka soka katin a ɗan akwatin bangon ɗaki wuta ke kamawa, in ka zare shi za ka fita AC da fitilu su mutu, duk mai sayen dizal a zafin Afrilu ya san kuɗin da wannan ke tarewa.

Inda masu otal ke jan ƙafa shi ne gyara, in ya lalace sau da yawa sai an nemo mai gyara daga wani gari, baƙo kuma yana tsaye da jakarsa a bakin ƙofa.