Amfilifayar jita: tsohuwa mai bawul ko ta zamani, wacce ta dace da makaɗin Kaduna?

Duk wanda ya taɓa jona jitarsa a tsohuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai bawul ya murɗa ta sama, ya san abin da makaɗa ke nufi idan suka ce "wannan tana da rai". Bawul su ne kwalaben gilashin nan masu ɗaukar zafi, irin na cikin rediyon kakanninmu. Ka taɓa tsirkiya a hankali, sauti ya fito tas. Ka ƙara ƙarfin hannu, sai ya soma dushewa sannu a hankali, kamar muryar mawaƙin da ya kwana yana waƙa a gidan biki. Wannan gurnanin mai daɗi shi ake biyan kuɗi a kai. Ƙananan amfilifayoyin da masu tiranzista (ƙananan sassan lantarkin da suka maye gurbin bawul), idan aka matsa musu, tsagewa kawai suke yi kamar an yaga yadi.

Sunayen da za ka riƙa ji a bakin masu son tsofaffi ba su da yawa. Akwai Fender Bassman ta ƙarshen shekarun 1950 mai sifika 4, wadda aka yi don jitar bes amma masu jitar gaba suka ƙwace ta. A kan tsarinta Jim Marshall ya ƙera JTM45 a Landan a 1962. Vox AC30 mai wat 30 tana da amo mai kaifi kamar ƙararrawa. Ita kuwa Fender Twin Reverb ta 1963, mai wat 85, ta yi suna ne da tsabtar sauti, ba ta saurin dushewa ko an ɗaga ta.

Sai dai abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba shi ne, daɗin bawul ba ya fitowa sai an ɗaga murya sosai. In a gidan haya kake a Tudun Wada ko Kabala, kafin AC30 ta kai inda take zaƙi, mai gida ya riga ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ga nauyi. Twin Reverb ta kai kusan kilo 29, ka ɗora ta a Keke Napep daga Barnawa zuwa Kawo sau biyu a mako, ka ji yadda bayanka zai yi, balle kwalaben da ba sa son gargada.

Ba kowace tsohuwa ce mai bawul ba. Roland JC-120, wadda ta fito a 1975, tiranzista ce zalla, sifika 2 masu inci 12, kuma har yau ana ƙera ta. Ga mai kiɗan coci ko mai tsinkar jita irin ta hailaif da makosa, inda ake so kowace tsirkiya ta fito ɗaya bayan ɗaya, ni a wurina ta fi Marshall amfani nesa ba kusa ba. Yawancin kiɗanmu tsabtar sauti yake bukata, ba gurnani ba.

Na zamani kuma kwamfuta ce a cikinsu, tana kwaikwayon muryar tsofaffin. Kamfanin Line 6 ya fito da POD a 1998, Kemper ta biyo a 2011, Boss Katana a 2016. Na farko-farkon, gaskiya, sautinsu kamar ƙudan zuma a gwangwani yake. Yanzu labari ya sha bamban. Katana tana da maɓallin rage ƙarfi har zuwa rabin wat, ka samu gurnaninka cikin dare ba tare da ka tashi jaririn maƙwabta ba. Fender da kanta ta fitar da Tone Master Twin Reverb a 2019, kamanni ɗaya da ta asali, babu bawul ko ɗaya, nauyinta kusan kilo 15.

To, sautin ɗaya ne? A'a. Amma bambancin a yatsun mai kaɗawa ya fi zama, ba a kunnen mai sauraro ba. Bawul tana ɗan lanƙwasawa idan ka doki tsirkiya, ta sake miƙewa, kamar tana numfashi tare da kai. Na zamani sun kusa kamo wannan, ba su gama ba. Amma da zarar an kafa makirufo a gaban sifika, sauti ya bi ta miksa, ga fiyano, ga ganguna, ga 'yan amshi, ban yi zaton akwai wanda zai ɗaga hannu a taron biki ya ce wannan ba bawul ba ce. A situdiyo, inda jita ke ita kaɗai, nan kunne ke iya kamawa.

Inda magana take a garin nan ita ce wuta. Tamu bolt 230 ce, yawancin tsofaffin da aka yi don kasuwar Amurka kuwa 120 suke sha. Ka jona kai tsaye, ka ji ƙauri. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, kuma kowace iri ka saya, kada ka haɗa ta da ƙaramin janareta ba sitabilaiza. Tsohuwar da ta haura shekara 30 ba a taɓa ta ba, kwandensojinta, wato sassan da ke adana wuta a cikinta, sun bushe, za ka ji tana gunji ko ba a kaɗa komai. Kada ka sa hannu a cikinta, domin tana riƙe bolt sama da 400 ko bayan an zare ta daga soket. Su kansu bawul ɗin ƙarewa suke yi, kuma a ƙasashe kaɗan ake yin su yanzu, irin su Rasha da Sulobakiya da Sin. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya sa sun yi wuya a duniya. Wanda zai sayi mai bawul, ya fara tambayar inda zai samo canji, daga Legas ne ko sai an yi oda daga waje.

Amma a ba tsohuwa haƙƙinta. Kayan cikinta manya ne a sarari, tsohon mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ya tashe ta. Ta zamani idan allon lantarkin cikinta ya ƙone, sau da yawa sai dai a sauya shi gaba ɗaya, in an samu.

Kada lambar wat ta ruɗe ka. Ninka wat sau 2 ƙarin desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) kawai yake bayarwa, kunne da kyar yake lura. Ingancin sifika ya fi wannan tasiri, shi ya sa sifika mai inci 12 a wat 50 ta ishi yawancin majami'u da ɗakunan taro.

Shawarata: mai yawon biki da mai koyo su ɗauki ta zamani. Mai kiɗan coci da ya ci karo da JC-120 ta hannu mai lafiya, kada ya sake ta. Bawul kuwa a bar wa mai situdiyo, wanda zai ajiye ta wuri guda, ya rufe ta daga ƙurar hunturu, kuma yana da mai gyara. Ranar saye ka tafi da jitarka da wayar jona ta, ka bar amfilifayar a kunne kamar minti 20 ta yi zafi, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarƙara. Sannan ka juya baya, abokinka ya riƙa sauya jonin tsakanin mai bawul da ta zamani kana kaɗawa, ba tare da ya gaya maka wacce ce ke magana ba.